Malamar Ƙasan Bene

A wata makarantar koyon Turanci ta ƙasar waje, albashi bene yake bi. Malaman sama, waɗanda suka sha Turanci a nono, su ke kwasar mai tsoka. Na ƙasa, irin su Malama da suka koye shi da ƙamus da bulala, rabi ake ba su, ga ajinsu jikin banɗaki. Wai wanda aka haifa da harshe ya fi iya koyar da shi, sai ka ce haihuwa a asibiti na mai da mutum likita.

Malama tana da wata al'ada. Ranar farko takan gaya wa kowane aji cewa sai da ta yi wayo ta fara jin Turanci, kuma dariyar da aka yi mata ta isa cika buhu. Nan take kafaɗun ɗalibai ke sauka, bakinsu ya buɗe.

Rannan mai makaranta ya kira ta ofis.

"An samu gurbi a sama, Malama, da albashin sama. Sharaɗi ɗaya ne: wannan labarin naki ya tsaya a ƙasa. Ɗaliban sama kuɗin malami ɗan asalin harshen suka biya. In sun tambaya, a ƙasar masu harshen aka haife ki."

Ta kira yayarta, wadda ke riƙe mata 'yarta a gida, ta gaya mata sharaɗin. Da albashin sama za ta kama ɗaki biyu, ta ɗauko yarinyar.

"Ke dai Allah ya shirye ki," in ji Yaya. "Ce musu ma a cikin jirgi aka haife ki! Yarinyar nan ta fara ce mini Umma, ke kuma Anti."

Sai Malama ta hau sama. Kujeru masu laushi, taga har ƙasa, ɗalibai kuwa shiru kamar gidan makoki. Ta yi tambaya, kowa ya sunkuyar da kai. Can wani dattijo, direban tasi, ya ɗaga hannu yana haɗa kalmomi da ƙyar.

"Malama, ki yi haƙuri da mu. Ke ba ki san kunyar nan ba. Da Turanci aka haife ki."

Ta dubi ƙofa. Ta tuna 'yarta na ce mata Anti. Ta dubi gumin da ke goshin tsohon.

"Baba," ta ce, "na san ta. Zauna ka ji."

Kafin mako ya ƙare an mai da ita jikin banɗaki. Yaya ta yi kwanaki ba ta ɗaga waya.

Da safiyar Litinin Malama na goge allo ta ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Direban ne, rungume da kujerarsa mai laushi, yana haki.

"Kuɗin sama na biya," ya ce da Turancinsa mai ɗingishi. "Kujerar tawa ce. Ina zan ajiye?"