Sara Uku a Bayan Kunkuru

Kunkurun teku na huɗu ke nan da tsohon masuncin ya kawo asibitin dabbobin cikin wata guda, kuma duk ciwonsu iri ɗaya: sara uku a jere a ƙoƙon baya, kamar an auna. Likita ta wanke raunin, ta cike shi da magani, ta sa aka ajiye kunkurun a baho mai ruwa kaɗan don kada ya nutse. Tana aiki tana satar kallon tsohon. Ita dai ba ta yarda da mai kirkin da ya yi yawa ba, balle wanda zai tsaya bakin ƙofa yana tambayar ko kunkuru ya ci abinci.

A ranta ta gama yanke hukunci: raga kunkurayen suke yaga masa, ya sassare su da adda don haushi, sannan ya kawo su ya wanke kansa. Har ta rubuta ƙara zuwa hukuma. Tana miƙawa za a ƙwace masa lasisin kamun kifi, ya rasa abin ciyar da iyali.

Amma ta ce bari ta gani da idonta tukuna. Washegari da hantsi ta same shi a bakin ruwa yana ɗinkin raga.

"Baba, ina addarka?"

"Adda kuma, Likita?" Ya miƙo mata wata 'yar wuƙar gyaran kifi da ko kabewa ba za ta fasa ba.

"To me ke sare su?"

Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da ɗinki.

"Baba, magana nake. In ka ɓoye, kai abin zai shafa."

"'Yata, wannan ai aikin farfelar inji ne. Ni da filafili nake tuƙi."

"Jirgin wa?"

"Lungun da suke kiwo, jirgi ɗaya aka yarda ya shiga da inji, naku na sintiri. Direban kuwa gudu yake kamar an biyo shi. Na san ƙaninki ne, shi ya sa nake kwaso su in kawo miki, ban ce komai ba."

Kunya ta rufe ta. Ita ce ta roƙa wa ƙanin aikin, bayan ya shekara uku a zaune.

Tana nan tsaye sai ga jirgin ya taho yana keta ruwa. Ƙanin ya hango ta, ya ɗaga hannu yana washe baki.

"Yaya! Zo in zaga da ke!"

Ta ce, "Kashe injin nan. Ɗago min farfelar in gani."