Amsar da Baba Ya Haddace

Yaya ya jera kujeru uku a tsakiyar falonsa suna kallon juna, ya ɗora wani matashin kai mai hoton zuciya a kan tebur. Kwas na kwana uku ya yi a wurin aikinsa a kan warkar da raunin da iyaye ke gadar wa 'ya'ya, shi ke nan ya dawo gida a matsayin likita. Ƙato da shi, ga furfura a gemu, amma wai duk mai son magana sai ya rungumi matashin nan tukuna.

Auta ta shigo kai tsaye daga ɗakin wanki na otal ɗin da take aiki, ƙafafunta a kumbure. Ta dubi matashin, ta ja tsaki.

"Yaya, ni fa ba wasan yara ya kawo ni ba."

"Ba wasa ba ne, Auta. Nan wuri ne na aminci. Kowa zai faɗi abin da ke ransa."

"Ai ka faɗi naka a waya sau uku, na ji."

Baba yana zaune a kujera ta uku, an sa masa rigar sanyi, yana murza bakin hannun rigar. Ƙwaƙwalwarsa ta fara zubewa, likitan gaske ya ce nan da 'yan watanni ko su ba zai gane ba. Abin da ya kawo Auta ke nan. Kwana biyu kafin Mama ta rasu ta kama hannunta ta ce, "Ba ni na haife ki ba. Ki tambayi Babanku." Shekara arba'in matar nan tana da baki, sai da ta ga tafiya ta zo sannan ta ajiye mata rabin magana. Sauran rabin yana cikin kan tsohon nan, kan kuwa yana yoyo.

Yaya ya rungumi matashi ya fara. Ya ce ya yafe wa Baba, ya yafe wa Mama, ya yafe wa kansa. Har da lumshe ido. Baba dai bango yake kallo.

Abin da ake yafewa ɗin ba ɓoyayye ba ne. Lokacin da suka shigo ƙasar nan ba su da takardun zama, Baba ya tsara labari guda ya ce kowa ya haddace. Kullum da yamma in an gama cin abinci sai ya koma bayan tebur, ya maƙala tabarau, ya zama jami'in shige da fice. Sunanka? Ina aka haife ka? Ku nawa ne wurin ubanku? Ya bugi tebur, yaro ya miƙe, hannu a baya. Wanda ya yi gargada ya sha mari. Yaya ya sha har kunnensa na hagu ya daina ji sosai. Auta ba ta taɓa kuskure ba, don ita ba ta san akwai wani labari ban da wannan ba. Takardu suka fito, amma Baba bai daina ba, sai da ya ƙara shekara bakwai yana yi musu jarrabawar da babu mai nema.

"Saura ke," in ji Yaya, ya miƙo mata matashin.

Ta ture shi gefe, ta ja kujerarta kusa da tsohon.

"Baba, ni ce Auta. Wace ce uwata?"

Ya dube ta kamar baƙuwa. Sai ya gyara zama, ya haɗa gwiwoyinsa.

"'Ya'yana biyu, ranka ya daɗe. Namiji da mace. Duk matata ce ta haife su."

"Baba, ba jami'i ba ne, ni ce. Mama ta faɗa mini."

"Duk matata ce ta haife su, ranka ya daɗe."

Ikon Allah! Mutumin da ya manta hanyar banɗaki, ya manta matarsa ta mutu, amma ƙaryarsa ko harafi ɗaya bai ɓata ba. Haushi ya turnuƙe Auta. Ta tsani tsohon nan a lokacin, tsana ta gaske, shi da tsoronsa da ya ci musu ƙuruciya.

"Auta, yi numfashi a hankali," in ji Yaya. "Ki ce, ina jin..."

Ta ɗaga hannu ta daki tebur.

"Yarinyar nan 'yar wace ce? Faɗi gaskiya!"

Matashin ya faɗi ƙasa. Yaya ya miƙe zumbur, hannu a baya, ƙirji a gaba, bakinsa har ya fara motsi da ranar haihuwarsa ta takarda. Likitan kwana uku ke nan. Da wata rana ce da Auta ta yi masa dariya har ta gode Allah.

Amma Baba take kallo. Ya ɗaga tafukansa biyu kusa da fuska yana kare mari. Ita kuma ga hannunta a sama, kuma muryar da ta fito daga bakinta ta san mai ita. Ta ga cewa in ta ƙara bugu ɗaya, biyu, wataƙila ya karye ya faɗa. Ta san yadda ake yi, a wurinsa ta koya. Kunya ta kama ta, ta sauke hannun a kan cinyarta.

Ta jawo wata takardar kwas ɗin Yaya daga kan tebur, ta juya ta, ta yi kamar tana dubawa.

"Malam," ta ce, "mun duba takardunka. Komai ya cika. An ba ka zama, kai da iyalinka. Ba wanda zai sake tambayarka."

Tsohon ya sauke hannuwa a hankali.

"Har yarinyar?"

"Har yarinyar."

"Ba za a mayar da ita ba?"

"Ba za a mayar da ita ba. Ka tafi gida."

Ya jingina da kujera, ya saki wani dogon numfashi, hawaye suna bin ramukan fuskarsa. Yaya ya koma ya zauna, bai ce kowa ya faɗi abin da ke ransa ba. Can Baba ya waiwayo, idonsa ya washe, ya gane ta sarai. Ya kama yatsunta, ya jawo ta kusa kamar kada Yaya ya ji.

"Auta, kin ji? Mun tsira. Sun matsa mini, amma ban faɗa musu ba."