Kati Biyar a Zoben Waya

Shekara talatin da huɗu Baba ya yi yana haɗa fenti. Kawo masa ɓawon bango ko da girman farce ne, zai ɗaga shi ya kalla, ya ɗiga baƙi, ya ɗiga ja, ya juya, sai ga launin ya fito kamar an tsaga kara. Ido ne jarinsa. To, idon ne kuma ya fara cin amanarsa.

Auta, 'yarsa mai aiki a shagon magani, ita ta ja shi asibiti yana ta mita. Likitar ido ta duba ta ce tsakiyar ganinsa ce ke lalacewa. Haske da shekaru, in ji ta, suna cin bayan ido yadda tsatsa ke cin ƙarfe, kumburi kuma ya biyo baya. Ta rubuta masa lutin, wani sinadari rawaya da ake samu a ganye da kwaiduwa, ta ce yana iya rage tsatsar da kumburin, ya taka wa ciwon birki.

"Amma fa ba ya dawo da abin da ya tafi," ta ƙara. "Kuma ba kowa yake yi wa aiki ba."

Auta rabin farko kawai ta ji. Sauran ta baro shi a kan teburin likita.

Daga nan kullum safiya sai ta soya ƙwai, don an ce maganin yana son maiƙo, ta durƙusa ta sa masa ƙwayar a tafin hannu. Shi kuwa da ta matso sai ya kau da fuska ga taga. Abin yana yi mata ciwo, wallahi.

"Baba, ni ka juya wa fuska ko maganin?"

"Maganin mana. Wannan rawayar taku an cika mata ja. Wanda ya haɗa ta bai iya aiki ba."

Bayan ya haɗiye sai jarrabawa. Ta ɗauko katin launi guda biyar daga shagonsa, an zira su a zoben waya, tana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya.

"Ja. Shuɗi. Kore. Ruwan toka. Ruwan ƙasa. Ke, ni za ki koya wa launi?"

Sai ta fita aiki da fara'a har kunne. Duk tsohon da ya shigo shagon magani yana kukan ido, sai ta ce masa, "Babana ma shi yake sha, ka gan shi garau." Wata takwas ana haka.

Ran nan zoben ya ɓalle, katunan suka watse a ƙarƙashin kujera. Ta makara, sai ta tattara su yadda suka zo hannu. Ta ɗaga kore.

"Ja," in ji Baba, ko gezau.

Ta ɗaga ruwan ƙasa.

"Shuɗi."

Ta ajiye katin. Ta ɗaga ja, launin da yaron goye ma ya sani.

"Kore. Yi sauri, kin makara."

Ashe jeri ya haddace. Ita kuma, mai ilimin magani, wata takwas ba ta taɓa tunanin sauya jerin ba. Ta ɗauki jaka ta fita.

Da rana zama ya gagare ta, ta nemi izini ta nufi shagon fenti. Daga bakin ƙofa ta ga abin da ya ƙarasa karya mata zuciya. Kowane gwangwani an ɗaura masa zare a mariƙi, wannan ƙulli ɗaya, wancan uku. Baba yana shafa ƙullin da yatsa kafin ya buɗe. Wani kafinta maƙwabcinsa, abokinsa tun kafin a haife ta, ya bar nasa aikin yana leƙa bokiti yana cewa ƙasa-ƙasa, "Ƙara baƙi kaɗan. Ya isa."

Da Kafinta ya hango ta, sai ya sunkuyar da kai. Baba ya ji motsi, ya ɗago ya dube ta tsaf a fuska.

"Sannu da zuwa, baiwar Allah. Wane launi ake so?"

Kai, jama'a! Auta ta tsaya tana kallonsa. Sai Baba ya kau da fuska gefe, irin kauwar nan ta kowace safiya, ya ɗan tsaya.

"Auta?"

A nan ta gane. Tsakiyar idon ta riga ta tafi, gefe ne kawai ya rage masa. Duk safiyar da take zaton ya juya mata fuska, kallonta yake yi.

"Tun yaushe, Baba?" Kuka ya ci ƙarfinta.

"Wata biyar ke nan. Kada ki ga laifin Kafinta, ni na rantsar da shi."

"To me ya sa kake ta shan maganin, kana bari ina yaudarar kaina?"

Ya goge hannu da tsumma, ya daɗe yana gogewa.

"Wataƙila ba don shi ba da tuni gefen ma ya tafi, Allah ne masani. Amma gaskiya ba don haka nake sha ba. In za ki ba ni, kina matsowa kusa. Daga nesa ba na samun fuskarki."

Washegari ta soya ƙwai kamar kullum. Katunan ta jefa su a kwandon shara. Ta sa masa ƙwayar a tafi, ta matso dab da kafaɗarsa ta zauna, ba ta ko duba agogo ba. Baba ya juya fuska ga taga, ya daɗe a haka.

"Idonki ya kumbura," ya ce. "Daina kukan nan, kina ɓata mini aiki. Tsaya cak. Kati biyar ma na haddace, balle fuska ɗaya."