Hanya a Tsakiyar Kan Mai Guga

Injin aski ya yi ƙara sau ɗaya ya tsaya, sai na ji maigidana ya ce "af" can ƙasa-ƙasa. Shekara ashirin da biyu muna tare, ban taɓa jin ya ce "af" alhali kan mutum yana hannunsa ba.

Na ajiye tsinken kitso, na ɗaga labulen da ya raba ɓangarena da nasa na leƙo. A tsakiyar kan Mai Guga, maƙwabcinmu mai shagon wanki, akwai hanya. Faɗin yatsa biyu, daga goshi har kusan ƙeya, fes, fata tana ƙyalli. Gashin da ya tashi daga wurin yana kwance a kan tawul, baƙi siɗik, mai santsi.

Mai Guga bai gani ba tukuna. Kansa na sunkuye yana bitar takardar jawabinsa, leɓensa na motsi.

Na dubi agogon bango. Sha ɗaya saura minti biyar. Ƙarfe sha biyu daidai wannan mutum zai tsaya gaban kwamitin hukumar gari ya roƙe su kada su rushe layinmu su mai da shi wurin ajiye motoci. Minti biyar aka ba mu, mutum ɗaya aka ce, kuma sunansa ne a rubuce.

"Baban yara," na ce, "me ka yi?"

"Shiga ciki, Maman yara. Salo ne."

Sai Mai Guga ya ɗaga kai ya haɗu da kansa a madubi.

Masu sana'a goma sha shida ne a layin nan. Takwas mu ne, baƙaƙen fata. Takwas su ne, jajaye masu gashi kamar zaren siliki, da suka taso daga wata nahiya can. Masu gari ba su wahalar da kansu wajen bambance mu, duk 'yan zuwa suke ce mana, kuma iri ɗaya suke dafe jaka in mun shigo bas. Amma mu mun iya bambance kanmu. Muna kiransu 'Yan Labule, don kullum tagoginsu a rufe. Suna kiranmu 'Yan Rediyo. Shekara goma sha ɗaya bango ɗaya ne tsakanin shagonmu da shagon wanki da guga, amma maigidana unguwa uku yake tsallakawa ya kai rigunansa, wai "waɗannan ba sa son taɓa kayanmu, da yatsa biyu suke ɗauka." Shi kuwa Mai Guga surukinsa ke rage masa suma a gida da almakashi. Jiya surukin ya zamo daga tsani ya karya hannu. Abin da ya kawo shi kujerarmu ke nan, karo na farko.

Da ya zauna na ja maigidana gefe na tambaye shi ko ya taɓa aske irin wannan gashin. Ya ce mini kai kai ne. Abin da bai sani ba, namu gashin tsaye yake, shi ke tarar inji, dole ka danna. Nasu kwanciya yake yi. Ya danna kamar yadda ya saba, inji ya nutse har fata ya wuce.

Mai Guga ya daɗe yana kallon madubi. Ya ɗaga yatsa ya bi hanyar daga farko har ƙarshe, kamar mai duba ɗinki.

"Maƙwabci," ya ce, muryarsa a sanyaye, "wannan mene ne?"

"Farkon aiki ne. Ka bari in gama."

"In ka gama me zai rage?"

Maigidana ya ɗauki mataji ya kwantar da gashin hagu a kan hanyar. Gashin ya zame ya koma. Ya shafa mai ya sake kwantarwa, ya sake zamewa. Ya miƙo hannu ya ɗauki jagirata a kan tebur ya fara zana wurin, sai hanyar ta koma kamar an zuba mata kwalta.

A nan matar Mai Guga ta shigo da kwat ɗinsa a rataye. Uwar Sitaci muke ce mata, don ko gaisuwarta a sandare take fitowa. Ta dubi kan mijinta, ta dubi jagira a hannun mijina, ta rataye kwat ɗin a ƙusa a hankali.

"Na gaya maka," ta ce da mijinta. "Na ce ka sa ruwa ka taje. Ka ce a'a, maƙwabci ne. To ga maƙwabci."

"Kuskure ne, baiwar Allah," in ji maigidana.

"Kuskure. Mutumin da ya nemi kujerar wakilcinmu ya faɗi zaɓe, yau kuma hannunsa ya yi kuskure. Ku dama haka kuke, in ba ku ci ba sai ku zubar."

"Mu wa?"

"Kun san kanku."

Maigidana ya ajiye jagira. Zaɓen nan ciwo ne a ransa. Sati uku da suka wuce muka jefa takardu a gwangwanin madara don fitar da mai magana, shi da Mai Guga. Takwas da takwas ya kamata a yi. Aka samu tara da bakwai. Tun ranar yake neman munafukin da ke cikinmu, har ya daina amsa gaisuwar mai gyaran waya.

"Ai da ba ku sayi mutum ɗaya a cikinmu ba," ya ce, "da ni zan je, da kaina lafiya lau."

Kafin ka ce me, bakin shago ya cika. Namu sun tsaya ta dama, nasu ta hagu, kowa na leƙe ta gilashi. Na ji wani yana cewa an yanka Mai Guga. Wani ya ce kunne aka cire.

Mai Guga ya kwance tawul ya ninke shi gida huɗu, don ko a cikin masifa ba ya iya barin ƙyalle a yamutse. Ya ce, "Ba zan je ba."

"Ka sa hula," na ce.

"A bakin ƙofa suke sa mutum ya cire. Maman yara, ke ma kin san mutanen nan. Da kwat da takardu ma kallon ɗan dako suke mini. In shiga da titi a kai? Su rushe. Na gaji."

Sha ɗaya da kwata. Na dubi kujeruna biyu, da madubin da na goge da safe, da hotunan kitso da na liƙa ɗaya bayan ɗaya tun ɗiyarmu ta fari tana rarrafe. Na taka na zare injin daga soket, na sake sa shi, don kowa ya juyo.

"Ni ce," na ce.

"Ke ce me?" in ji maigidana.

"Ta taran. Ni na zaɓe shi."

Maigidana ya juyo ya zuba mini ido.

"Maman yara."

"Baban yara, kai in ka yi fushi yaren masu gari guduwa yake daga bakinka. Ran da ka je sabunta lasisi ka ce da matar ofishin 'yallaɓai' sau huɗu. Shi kuwa har abin da ba su faɗa ba yana ji. Shago nake so, ba kujera ba." Na juya na danƙa wa Mai Guga injin. "Kai kuma tashi. Rama."

"In yi me?"

"Ka rama. Ga kansa nan."

Maigidana ya dafe sumarsa da hannu biyu. Sumar nan ita ce allon tallarsa, zagayayya kamar ƙwallo, kullum da safe sai ya ba ta minti ashirin, ni ban taɓa samun goma ba. Ya dube ni, ya dubi taron da ke waje, ya dubi agogo. Sai ya zauna a kujerar da bai taɓa zama a kai ba.

"Ka yi a hankali," ya ce. "Tana da tarihi."

Mai Guga ya kunna inji. Ya ɗora hannun hagu a kan sumar don ya daidaita, sai ya tsaya. Ya danna, ta dawo. Ya sake dannawa.

"Ashe laushi gare ta," ya ce.

"Da ka zaci me? Waya?"

"Haka ake faɗa."

"Su wa?"

Mai Guga ya tura inji. Shi kuma bai san ana dannawa ba, sai inji ya hau sama ya maƙale a cikin suma yana kuka. Ya ja, maigidana ya yi ƙara, aka fito da wani rami a gefen kunne kamar ɓera ya yi ɓarna. Wata dariya ta kuɓuce wa Uwar Sitaci ta hanci. Shekara goma sha ɗaya ban san tana da haƙora ba.

"Ku matsa," na ce. "Maza biyu, kai biyu, ba ko ɗaya mai amfani."

Cikin minti tara na yi musu tal-kwabo su duka. Uwar Sitaci ta dubi rigar maigidana da gashi ya manne wa, ta ce ya cire. Ta ɗauke ta da hannu biyu, na lura, shi ma ya lura. Ta dawo da ita a goge, da zafinta, kwala a tsaye kamar za ta yanka wuya.

Tasi uku suka rage gudu, suka leƙo mu, suka ƙara mai. A na ukun Mai Guga ya ce da maigidana, "Kai ya gani." Maigidana ya ce, "Kai dai ya gani." Bas muka shiga, mu huɗu.

Sha biyu saura minti biyu muka faɗa zauren. Shugabar kwamitin, wata dattijuwa mai tabarau a ƙarshen hanci, ta dubi kawuna biyu masu ƙyalli da fararen riguna biyu.

"Mutum ɗaya aka rubuta. Ku 'yan'uwa ne?"

"Allah ya kiyaye," suka ce a tare.

Zauren ya fashe da dariya, har ita. Ta ce to su tsaya su biyun, amma minti biyar ɗin ba za su ƙaru ba.

Mai Guga ya laluba aljihu. Takardar jawabin tana can kan teburin askinmu. Na ga gumi ya tsatso a sabon kansa, ba gashin da zai tare. Ya fara da ka, ya yi minti biyu lafiya, ya kawo shekarun da muka yi, da yaran da aka haifa a saman shagunan. Sai wani ɗan kwamiti mai jan wuya ya katse shi.

"Gaskiya, wa ke amfani da layin nan in ba ku ba?"

Mai Guga ya sake laluba aljihu. Maigidana ya matso.

"Yallaɓai," ya ce, kuma wannan karon namiji ya samu, "ai kai ma kana amfani da shi. Duk Asabar ɗin ƙarshen wata, ta ƙofar baya. Baƙin nan na gemunka ni na haɗa shi."

Mutumin ya kai hannu gemu.

"Rigar da ke jikinsa kuma," in ji Mai Guga, da ya dawo hayyacinsa, "maɓalli na uku ba nata ba ne. Matata ta sa."

Shugabar ta cire tabarau ta goge ido. Suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus. Aka ɗage maganar rushewa shekara guda, kuma kwamiti zai zo ya ga layin da idonsa.

A bas ɗin komawa mazan suka zauna gaba suna gardamar wanda ya ceci wani. Ni da Uwar Sitaci muna baya. Jakarta na kan cinya, hannu biyu a kai, yadda take riƙe ta duk lokacin da ɗana ya gifta. Ta ga ina kallo, ta sassauta hannu ɗaya.

"Kina ganin abin nan zai ƙare?" ta ce.

"Wanne?"

"Mu da ku. Su da mu."

"Sati uku gashi zai tsiro. Ki sake tambayata lokacin."

Muka wuce tasha biyu. Sannan ta ce, "In taɓa kitsonki?"

"A'a." Na bari ta sha kunya kaɗan. "Sai in kin bari na taɓa naki."

Muna saukowa muka tarar da babbar mota ta toshe bakin layi, a gaban tsohon kantin magani da ya shekara a rufe. Wani dogon mutum yana sauke kaya, fari fat, gashinsa ja kamar wuta, yana waya da wani yare da ba namu ba, ba nasu ba, ba na masu gari ba.

"Irin waɗannan fa," in ji Mai Guga ƙasa-ƙasa.

"Na san su," in ji maigidana. "Ɗaya ke fara zuwa. Wata uku ka ga ashirin."

"Kuma ba sa gaisuwa."

"Ku ji kunya," na ce. "Ko awa ɗaya ba a yi ba."

Mutumin ya kashe waya, ya nufo mu yana murmushi, ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya har da ɗan rusunawa. Ya ce shi ne sabon maƙwabci, ko akwai mai tsani ya ara masa ya kafa allo? Ya juyo da allon don mu gani. Aski na zamani. Wanki da guga cikin awa ɗaya. A ƙasa kuma, da manyan haruffa ja: kitso iri-iri.

Na karanta layin ƙarshe sau biyu. Sai na ji bakina yana tambayar Uwar Sitaci, "Daga wace ƙasa ma suke zuwa, irin waɗannan?"

Mutumin yana tsaye da allonsa, yana jiran tsani.