Burodin Siddo

Duk Gaya babu wanda bai san Siddo mai shayi ba, wanda teburinsa ke bakin tashar manyan motoci kusa da gadar Malanbil. Babu kuma wanda bai san yadda yake ji da matarsa Ajuma ba. Kullum da safe, burodin farko da ya fito daga gidan gashi, mai zafi, Siddo ba ya sayar da shi ko da direba zai yi kuka. Naɗe shi yake yi a tsumma mai tsabta ya kai wa Ajuma da hannunsa.

Sai dai Ajuma ramewa take yi. Ciki ya kumbura, ga gudawa ba dare ba rana, ga kasala, idanu sun yi fari fat. Zanen da ta ɗaura ranar aure yanzu sai ya zagaye ta ya yi saura. Shi kuwa Siddo, bawan Allah, da ya ga jiki ya yi tsanani sai ya ƙara ƙaimi: burodi biyu, taliya da rana, biskit a gefen katifa. Ai marar lafiya ba a ba shi tuwon hatsi kamar wani baƙon gona, in ji shi.

Abin haushin, duk sanda Ajuma ta je Tunuga wurin mahaifiyarta Inna Bibata, ta ci tuwo da kifi, ta sha fura, sai kumatu su dawo. Ta koma ɗakin miji, ciwo ya ce salamu alaikum. Inna Bibata ba ta iya ɓoye magana ba.

"Jininku bai haɗu da yaron nan ba," ta ce. "Bayan Sallah zan zo in kwashe kayanki. Ban haife ki don in binne ki a Gaya ba."

Ajuma ta yi kuka har ta gode Allah. Tana son mijinta, kuma a ranta ta fara tsoron ko Inna ce ke da gaskiya.

A gidan likita aka ɗebi jininta. Likita Yasmin, wata doguwa mai saurin magana, ta ce akwai wata 'yar tsoka a bayan tumbi mai fitar da ruwan narkar da abinci, to awon ruwan nan ya hau a jinin Ajuma. Ta tambaye ta abin da take ci a Gaya, da abin da take ci a Tunuga. Tana ji tana kaɗa kai.

"Ina zargin alkama," ta ce. "Akwai masu hanjin da ba ya shiri da ita sam, siliyak ake ce wa ciwon. Za ki je Yamai a yi miki analis, wato awo, a leƙa hanjin. Amma kada ki daina cin burodi kafin nan, in kin daina awon ba zai nuna komai ba."

Kai! Ajuma ta fito tana dariya ita kaɗai har mai kabu-kabun da ya goyo ta a babur ya waiwayo ya dube ta. Ba ta gaya wa Siddo zargin ba, kada ta sa masa rai a banza. Ta dai dinga cin burodin nan da murna, ciki na murɗawa tana cewa, "Murɗa da kyau, Allah ya sa kai ne!" Ba a taɓa ganin mai addu'ar Allah ya kama ta da ciwo irin Ajuma ba.

Ta je Yamai ta dawo. Ana saura kwanaki Sallah, likita Yasmin ta kira ta a salula. Siliyak ne. Ta ce ta bar alkama har abada, burodi, taliya, fanke, duka. Hatsi, dawa, shinkafa da kifi kuwa ta ci ta more.

Ajuma ta rangaɗa guɗa a tsakar gida. Ta kira Tunuga: "Inna, bar buhunanki, babu kayan da za a kwashe!" Ta fita da takalmi wari da wari, ta nufi tasha da gudu-gudu, tana gaida wanda ta sani da wanda ba ta sani ba.

Direbobi sun cika benci, Siddo na zuba shayi. Tun daga nesa ta ɗaga murya.

"Siddo! Ba kai ba ne! Wallahi ba kai ba ne, burodi ne!"

Direbobi suka fashe da dariya. Ta tsaya tana haki, ta zayyana masa komai, tana yi tana tafa hannu. Siddo bai yi dariya ba. Ya ajiye buta a hankali, ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya ɗauko tsumman nan. Yau ciniki ya riƙe shi bai samu ya kai mata ba, burodin har yanzu da ɗuminsa.

"Wannan?" ya ce. "Wanda nake kawo miki?"

Sai a lokacin Ajuma ta ga idanunsa sun cika. Tausayinsa ya kama ta. Ta karɓi burodin ta miƙa wa direban da ke kusa, ta ninke tsumman ta riƙe a hannunta.

"To gobe da safe me zan kawo miki?" Siddo ya tambaya.

"Kai dai ka shigo," ta ce. "Zan dama mana kunu."