Reshen da Ya Toshe Tagar Baba

Almakashin ya ciji reshen ya ƙi saki. Telar da ke maƙwabtaka da Baba ta ja hannuwan almakashin, ta tura, ta murɗa, ko gezau. Tana tsaye a kan tsani, gumi na shiga mata ido.

"Kin murɗa ko?" Muryar Baba Mai Datsa ta fito a shaƙe ta tagar da ke ƙasa da ita. "Na ji ƙarar. Ba a murɗa shi, maƙwabciya. Ba yadi kike yankawa ba."

"Baba, ka yi shiru ka huta."

"Wata takwas ina hutawa. Na ƙoshi."

Shekara arba'in ya yi yana datse rassa a gandun daji da gidajen mutane, har ana tsokanarsa cewa ya fi sanin saman bishiya a kan tsakar gidansa. Rana ɗaya ɓarin jikinsa ya shanye, aka kwantar da shi a ɗaki mai taga ɗaya tal. Tagar kuwa, reshen mangwaron telar ya tsallako katanga ya rufe ta ruf. Tun yana da ƙafa yake roƙonta ta bari ya rage shi, ita kuma ta kafe, wai marigayi mijinta ne ya dasa.

Da safen nan 'yarsa ta shigo mata ido jawur. Likita ya ce sai dai addu'a, Baba kuma ba abin da yake nema sai ya ga sararin sama. Kunya ta kama telar kamar ta nutse. Ta tashi daga kan keken ɗinki, ta shiga gidansa, ta sungumi babban almakashinsa a bayan ƙofa, mai hannuwa dogaye da nauyin tsiya, ta hau tsani.

"Wanne kika kama?" in ji shi.

"Babban mana."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. "Sauri ya haifi nawa. Ƙananan ake fara bi, nauyi ya ragu. Yanzu reshen ya danne wa almakashin baki, ko ni sai na yi da gaske."

'Yar ta yafa gyale ta ruga ƙarshen layi aron zarto wurin kafinta. Aka bar telar a sama, shi a ƙasa, almakashin maƙale a tsakaninsu. Haushin kanta ya ishe ta. Shekara shida tana hana ƙwararre aikin minti biyar.

Ta sa hannu ta fara karya ƙananan rassan, tana tsige ganye tana watsarwa. Ƙaro ya manne mata a yatsu, tururuwa suka hau hannun rigarta.

"Baba, me kake gani?"

"Ganye."

Ta ƙara miƙewa, tsanin ya yi ƙara. Wani tsinke ya yage mata tafin hannu, ba ta ko duba ba.

"Yanzu fa?"

"Yi hagu kaɗan, 'yata. Wancan mai lanƙwasa."

Bai taɓa ce mata 'yata ba. Ta kama mai lanƙwasar da hannu biyu, ta rataya da duk nauyinta har ya ɓalle.

"Yanzu fa, Baba?"

Shiru.

"Baba?"

Ta sauko matakala uku ta leƙa ta tagar. Wani ɗan haske, bai wuce faɗin tafin hannu ba, ya sauka a kan matashinsa, gefen kunci. Idanunsa a buɗe suke, suna kallon wajen, amma numfashi ya tsaya. Ko ya gani, ko bai kai ga gani ba, ba wanda zai faɗa mata.

Daga bakin layi ta jiyo takun 'yar, tana gudu da zarto. A saman tagar almakashin na nan maƙale a reshen, hannuwansa suna lilo a hankali.