Kunnen Aro

Shekara talatin da huɗu Heenbanda yana taka gadar dutsen nan mai baka bakwai da ke tallafe da ita ta ƙasa, kullum da sassafe, kafin jirgin ƙasa na ƙarfe bakwai saura kwata ya ɓullo daga ramin tsauni. Aikinsa ke nan, ya bi layin dogo da doguwar guduma yana bugun kowane noti. Wanda ya ɗauru zai amsa rau, wanda ya kwance kuwa sai ka ce an bugi ruɓaɓɓiyar kwakwa. Baƙi kan haye teku su zo Sri Lanka don su ɗauki hoton gadar nan, shi kuwa ban san ranar da ya taɓa tsayawa ya kalle ta ba. Saurarenta yake yi.

Matarsa Ranmenika tana da rumfar shayi da gurasar kwakwa a ɗaya bakin gadar, saboda haka tare suke ƙetarewa, ita a gaba da kwando a ka, shi a baya da guduma. Mata masu tsinkar ganyen shayi ba sa barinsu su wuce lafiya.

"Ga ango da amarya! Yaya, ka matsa kusa mana, kada a sace maka ita!"

Ranmenika ta ce, "Wa zai saci tsohuwar tukunya? Ku dai ku cika kwandunanku, magana ba ta hawa sikeli."

Abin da ba wanda ya sani sai su biyu shi ne, shekara biyu ke nan da kunnen Heenbanda ya soma mutuwa. Magana yana kamawa in yana kallon bakin mai yi, amma ƙarar ƙarfe duk ta koma masa iri ɗaya. Ranmenika kuwa tsawon zama ya sa ta san muryar notin nan kamar ta 'ya'yanta. In bugu ya fito a dushe, sai ta tsaya cak, ta kai hannu ƙeya ta gyara ƙullin gashinta. Shi kuma ya durƙusa ya ciro sifana. Ba su taɓa zama sun shirya wannan ba, ba su kuma taɓa maganarsa ba, ko a ɗaki.

Zazzaɓin kwana biyar ya ɗauke ta da damina. Aka jera fararen tutoci tun daga ƙofar gida har bakin hanya, aka yi sadakar bakwai, Heenbanda ya koma aiki. Tun daga nan sai ya riƙa durƙusawa yana murɗa kowane noti da sifana, ɗaya bayan ɗaya. Gwiwar tsoho ce, aikin rabin awa ya koma na awa biyu. Sau biyu jirgi yana fitowa ya tarar da shi a tsakiyar gada, sai da ya manne da bango. Direba ya kai ƙara.

Kashegarin sadakar wata uku aka turo sufeto Nalaka, wanda Heenbanda ne ya koya masa riƙon guduma shekara ashirin da suka wuce. Ya tsaya gabansa ya yi magana da ƙarfi, abin da ya sa Heenbanda ya gane an soma zargin kunnensa.

"Kawu, sun ce in bi ka in gani. Ka buga kawai yadda ka koya mana, in rubuta lafiya lau. Shekara ɗaya ta rage maka ka yi ritaya, wa zai taɓa ka?"

"Kai ne za ka gwada ni? Kai da ka taɓa bugun babban yatsanka ka zauna kana kiran uwarka?"

Nalaka ya yi dariya. "Har yau farcen bai fito daidai ba."

Suka hau. Hazo ya cika kwarin, kawunan bishiyoyi kaɗai ake gani. Heenbanda yana bugu yana tafiya, hannun nan bai manta komai ba. Sai dai duk bugu ɗaya sai idonsa ya ɗaga da kansa, ya nemi kwando da ƙullin gashi taku goma a gabansa. Ba kowa sai wasu baƙi biyu da suka yi sammako suna kafa abin ɗaukar hoto. Bai taɓa jin kewarta kamar a safiyar nan ba, ko ranar da aka fita da ita.

Ya isa ƙarshe da sauran minti ashirin jirgi ya fito, ya tsaya gaban rumfar da ke rufe.

Nalaka ya ce, "Ka gani? Ras! Zauna ka huta, Kawu, na yar da birona a baya."

Heenbanda ya zauna kan bencin Ranmenika. Biron yana nan saƙale a aljihun rigar Nalaka, ya gan shi da idonsa. Ya bi shi da kallo har baka na huɗu, inda Nalaka ya juya masa baya, ya durƙusa, ya zaro sifana daga ƙugu. Ya murɗa sau uku. Ya matsa gaba kaɗan, ya sake durƙusawa.

Jirgi ya fito a kan lokaci. Ga 'yan makaranta da fararen riguna cike da tagogi, ga masu kai kabeji kasuwa, ga baƙi sun zuro ƙafafu ta ƙofa suna ihu. Heenbanda ya ƙirga taragu bakwai suna bi ta kan baka na huɗu, har na ƙarshe ya wuce.

Da Nalaka ya dawo yana share hannu a wando, Heenbanda ya miƙa masa gudumar.

"Haba Kawu, mene ne haka? Ai na ce zan rubuta lafiya lau."

"Guda nawa ka ɗaure?"

Nalaka ya sunkuyar da kai. Can ya ɗaga yatsu biyu.

"Gobe ma za ka yar da biro? Jibi fa?" Heenbanda ya danƙa masa ƙotar a hannu, ya naɗe yatsunsa a kai. "Ka rubuta musu cewa mai sauraren gadar nan ta rasu wata uku da suka wuce. Ni ɗaukar mata guduma kawai nake yi."